Wa ke da ikon amsa sallama a ƙofar ɗan ci-rani?

A manyan gonakin Amurka, tun daga na albasa a Jojiya har zuwa na lemo a Fulorida, akwai dubban 'yan ci-rani da ke yini a cikin gona su kuma kwana a cikinta, a ɗakunan da mai gonar ko ɗan kwangilarsa ya tanada musu. Wannan zama ya haifar da wata tambaya da kotunan ƙasar suka fi shekara 50 suna juyawa ba su kai ƙarshenta ba. Idan lauyan da ke taimakon marasa galihu, ko ma'aikaciyar lafiya, ko limamin coci ya zo ganin ma'aikaci a ɗakinsa bayan an tashi daga aiki, shin mai gona yana da ikon tare shi a bakin hanya, ya kira 'yan sanda su kama shi da laifin kutse? A ganina ba shi da wannan iko, kuma bai kamata amsar ta riƙa sauyawa gwargwadon jihar da neman abinci ya kai ma'aikacin ba.

Shari'ar da kowane ɗalibin lauya a Amurka ke karantawa a kan wannan batu ta taso ne daga wata gona a gundumar Cumberland ta jihar New Jersey. Mutum biyu suka nufi gonar tare. Ɗaya shi ne Frank Tejeras, ma'aikacin wata ƙungiyar yaƙi da talauci da ake kira SCOPE, wanda ke neman wani lebura da aka yi wa ɗinki 28 a jikinsa, lokacin cire zaren ya yi. Ɗayan kuma lauya ne, Peter Shack, daga ofishin agajin shari'a na yankin Camden, wanda ke son ya tattauna wata matsala ta shari'a da wani leburan daban, yana kuma ɗauke da takardun da ke bayyana wa ma'aikata irin taimakon da dokokin tarayya suka tanada musu. Suna dab da isa ɗakunan ma'aikata sai mai gonar ya tare su ya tambayi abin da ya kawo su, suka gaya masa. Bai kore su kai tsaye ba. Ya ce zai nemo musu mai raunin, zai kuma nemo wanda lauya ke nema, amma da sharaɗin a yi ganawar a ofishinsa, yana zaune yana ji. Suka ce ba su yarda ba, domin haƙƙin mutanen ne a gan su a ɗakunansu ba tare da idon uban gidansu a kansu ba. Mai gonar ya kira ɗan sandan jiha, ɗan sandan ya ce ba zai fitar da su ba sai an shigar da ƙara a rubuce, mai gonar ya rubuta. Kotun ƙasa ta same su da laifin kutse, kotun gunduma ta sake tabbatar da laifin.

A ranar 11 ga Mayu, 1971, Kotun Ƙolin New Jersey ta soke hukuncin. Babban alƙalinta, Joseph Weintraub, shi ya rubuta matsayar kotun, kuma bai bi hanyar da lauyoyin suka fi so ba. Sun so kotun ta ce dokar kutse ta saɓa wa tsarin mulkin ƙasa, shi kuwa ya ce ba sai an je can ba, domin tun asali babu wani kutse da aka yi. Hujjarsa ita ce, an amince da haƙƙin mallaka ne domin ya yi wa ɗan Adam amfani, saboda haka wannan amfanin shi ne iyakarsa, kuma takardar mallakar fili ba ta haɗa da mallakar makomar mutanen da mai filin ya bari suka zauna a kansa ba. Ya ce dole ne a bar jami'an gwamnati da na ƙungiyoyin agaji da aka sani su isa ga ma'aikaci a inda yake kwana, dole ne a bar shi ya karɓi baƙin da ya ga dama, har 'yan jarida ma ba za a hana su ba muddin ma'aikacin bai ƙi ganinsu ba. Bai bar mai gona hannu rabbana ba: yana da ikon ya tambayi baƙo ko shi wane ne da abin da ya kawo shi a dunƙule, yana da ikon ya hana a tsayar masa da aiki ko a cutar da wasu. Abin da ba shi da shi kawai shi ne ikon killace mutum daga duniya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan labari shi ne tayin da mai gonar ya yi, domin a kunne yana da daɗin ji, har mai karatu na iya cewa ai mutumin ya yi adalci, su ne suka yi taurin kai. To amma a tsaya a duba ɗakin da yake so a zauna. Ga lebura a tsaye ko a kan benci, ga lauyan da bai taɓa gani ba, ga kuma mutumin da ke biyansa kuɗin aiki, wanda gadon da yake kwana a kai nasa ne, motar da ke kai shi kanti tasa ce, yana zaune a bayan tebur yana kallonsa. Lauya ya tambaye shi ko ana biyansa duk awoyin da ya yi. Wace amsa zai bayar? Duk wanda ya taɓa cin abinci a ƙarƙashin wani ya san amsar, zai ce lafiya lau, babu wata matsala, ya yi godiya ya fita. Ganawar da aka yi a gaban wanda ake ƙorafi a kansa ta fi rashin ganawa muni, domin tana barin shaidar ƙarya a baya, cewa lauya ya zo, an tambayi ma'aikaci, ya ce ba shi da kuka. Sirri tsakanin lauya da mai neman taimakonsa shi ne aikin lauyancin kansa, idan an cire shi babu abin da ya saura sai gaisuwa.

Mu da muka tashi da al'adar sallama ba ma buƙatar dogon bayani a nan. Idan ka je gidan haya ka yi sallama a ƙofar ɗakin wani, wanda ke kwana a ɗakin shi ke cewa ka shigo ko ka koma, ba wanda ya gina gidan ba, ko da kuwa yana zaune a zaure yana ganin shigarka. Masu gonaki sukan ce ma'aikacin ba ɗan haya ba ne tunda ba ya biyan ko kwabo. Amma guminsa shi ne kuɗin hayar, domin ɗakin yana cikin sharuɗɗan da aka ɗauke shi aiki a kansu, ba kyauta aka yi masa ba. Weintraub ma ya ƙi ɓata lokaci a kan ko za a kira shi ɗan haya ko ba za a kira shi ba, ya ce abin dubawa shi ne daidaita buƙatun ɓangarorin biyu bisa ainihin yadda zamansu yake.

Wannan ainihin zaman kuwa ya ƙara tsanani tun daga 1971. Yau wani babban kaso na masu aikin damina da kaka a gonakin Amurka suna shigowa ne da bizar wucin gadi da ake kira H-2A, wadda ta samo siffarta ta yanzu daga dokar shige da fice ta 1986. A shekarar 2005 guraben da Ma'aikatar Ƙwadago ta amince da su a wannan tsari ba su kai 50,000 ba, amma a 2022 sun haura 370,000, kuma akasarin masu zuwa 'yan Meziko ne. Tsarin ya wajabta wa mai gona ya ba su masauki da abin hawa tsakanin masauki da gona, ya biya su albashin da bai gaza wani mizani ba, ya kuma tabbatar musu da aƙalla kashi uku cikin huɗu na awoyin da aka yi alkawari. A takarda duk wannan kariya ce mai kyau. Sai dai bizar a ɗaure take da sunan mai gona guda. Ranar da ya sallami ma'aikaci, ranar ce ma'aikacin ya rasa aiki, ya rasa wurin kwana, izinin zamansa a ƙasar ya kama hanyar ƙarewa, kuma yana iya rasa kiran baɗi, domin dillalan da ke ɗebo mutane daga ƙauyukansu sun san wanda ya yi magana da wanda ya yi shiru. Da yawa daga cikinsu sun ci bashi kafin su taso domin biyan dillalai, duk da cewa doka ta haramta a karɓi irin wannan kuɗi daga hannunsu. Mutumin da ke cikin wannan hali, ba shi da mota, ba ya jin Turanci, wani ma Sifaniyancin bai zauna masa ba saboda harshen ƙabilarsa ya tashi da shi, yana aiki daga asuba zuwa faɗuwar rana, ta yaya za a ce ya tashi ya nemi ofishin lauya a birni a lokacin da ofis ke buɗe? In dai lauya bai je wurinsa ba, to ba za su taɓa haɗuwa ba.

Akwai kuma tarihi a bayan wannan rauni. Lokacin da Amurka ta kafa dokar da ta ba ma'aikata 'yancin haɗa ƙungiya a 1935, da dokar mafi ƙarancin albashi a 1938, an ware ma'aikatan gona daga dukansu biyu. Sai a 1966 aka shigar da wasunsu cikin mafi ƙarancin albashi, har yau kuma dokar tarayya ba ta ba su kuɗin aikin ƙarin lokaci ba. Dokar 1983 da aka yi musamman domin kare 'yan ci-ranin gona ita ma ta bar masu bizar H-2A a waje. Ɗan abin da ya rage musu shi ne yarjejeniyar aikinsu, kuma yarjejeniya ba ta tashi ta kare kanta. Majalisar dokokin ƙasar ta san da haka, shi ya sa hukumar agajin shari'a da ta kafa a 1974 take ware kuɗi domin ma'aikatan gona, doka kuma ta yarda lauyoyin da take ɗaukar nauyinsu su tsaya wa masu H-2A a kan albashi da masauki da sufuri. Ba ya shiga hankali gwamnati ta biya lauya domin ya je wurin ma'aikaci, sannan ɗan sandan gwamnati ya tsaya a bakin gona ya mayar da shi.

Wanda ke ganin wannan magana tsoro ne kawai na masu fafutika, ya dubi abin da ya fito daga kudancin Jojiya a watan Nuwamba na 2021, lokacin da masu gabatar da ƙara na tarayya suka gurfanar da mutum 24 bayan binciken da suka sa wa suna Blooming Onion. Takardar tuhumar ta ce an yi amfani da bizar H-2A an shigo da mutane daga Meziko da Gwatemala da Honduras, aka ƙwace musu fasfo, aka ajiye su a matsattsun ɗakuna marasa tsabta, wasu a bayan shinge, aka sa su haƙar albasa da hannu ana biyansu santi 20 a kan kowane bokiti, ana yi musu barazana da bindiga. An ce aƙalla mutum biyu sun mutu, an kuma kuɓutar da fiye da 100. Ba ina cewa haka kowace gona take ba, mafi yawan manoma ba su kusa da wannan ta'asa. Amma irin wannan aika-aika ba ta rayuwa sai inda babu mai shiga babu mai fita, kuma dokar da ta ba manomin kirki ikon rufe ƙofa ita ce dai ta ba azzalumi wannan ikon, domin doka ba ta san fuskarsu ba kafin a shiga.

Wasu kan ce zamani ya sauya, kowa na da waya a aljihu, lauya ya kira mana. Waya tana amfani bayan an san juna. Ba ta nuna wa baƙo cewa akwai wani ofishi da zai tsaya masa kyauta, ba ta sa mutumin da aka gargaɗa cewa lauyoyi 'yan leƙen asirin hukumar shige da fice ne ya saki jiki da muryar da bai san mai ita ba. Ba ta kuma ganin katifu goma a ɗakin mutum huɗu, ko ban ɗakin da ya toshe, ko jarkar maganin feshi da aka ajiye kusa da tukunyar girki. Gani ya kori ji. Ma'aikatan agajin shari'a sukan je ne da yamma, su ƙwanƙwasa ƙofa, su miƙa 'yar takarda mai lambar waya da bayanin albashin da doka ta yanke, su ce ga mu idan an buƙace mu. Sau da yawa kiran ba ya zuwa sai bayan makonni, ko bayan mutum ya koma gida. Amma in ba a yi wannan tsayuwar ta farko a bakin ƙofa ba, kiran ba zai zo ba ko kaɗan.

Ba na raina damuwar manoma. Gona wurin sana'a ce mai injuna masu haɗari da magunguna masu guba, akwai fargabar sata, akwai ƙa'idojin tsabtar abinci, a gonakin kaji da na shanu kuma akwai tsoron baƙo ya shigo da cuta a takalminsa, musamman a shekarun nan na murar tsuntsaye. Wasu manoman ma gidajensu da iyalansu suna cikin gonar. Duk waɗannan dalilai ne na tsara yadda za a shiga: a nuna katin shaida, a bi hanyar da ta nufi ɗakunan kwana kai tsaye, a zo bayan tashi daga aiki, a wanke takalmi in ana buƙata. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya zama dalilin hana shiga ɗungurungum, balle dalilin zama a saurari abin da ake faɗa. Kuma manomin da ya nemi gwamnati ta buɗe masa iyakar ƙasa ta kawo masa ma'aikata daga wata ƙasa, ya amince da sharuɗɗan da suka zo da wannan gata. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Babban abin da masu adawa da wannan ra'ayi ke riƙe da shi yanzu shi ne hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na ranar 23 ga Yuni, 2021, a shari'ar Cedar Point. A 1975 jihar Kalifoniya ta kafa ƙa'idar da ta ba wakilan ƙungiyoyin ƙwadago damar shiga gonaki su yi magana da ma'aikata, awa uku a rana, kwana 120 a shekara: awa ɗaya kafin aiki, ɗaya lokacin cin abincin rana, ɗaya bayan an tashi. Kamfanoni biyu suka kai ƙara, Cedar Point mai renon dashen sitiroberi a arewacin jihar da Fowler mai harkar inabi da lemo a Fresno. Alƙalai shida, da babban alƙali John Roberts a gaba, suka ce wannan ƙa'ida ƙwace wani yanki ne na dukiyar mai gona, wato ikonsa na hana shiga, kuma gwamnati ba ta da damar yin haka sai ta biya diyya. Alƙalai uku suka saɓa, Stephen Breyer ya rubuta musu cewa tsara shiga na ɗan lokaci ba ƙwace ba ne. Ni ina tare da ukun, amma ko wanda ya yarda da shidan bai kamata ya shimfiɗa hukuncin ya rufe ɗakin kwana da shi ba. Ma'aikatan waɗannan kamfanoni biyu ba a cikin gonakin suke kwana ba, ana iya samunsu a wani wuri bayan aiki. Maganar can ta wurin aiki ce da baƙon da jiha ta ba izini, tamu kuwa ta wurin kwana ce da baƙon da mai kwanan ke da ikon karɓa ko korarsa. Manomin da ya zaunar da mutum a ɗaki ya riga ya miƙa masa wani abu na ikon wannan ɗakin da hannunsa, ba gwamnati ce ta ƙwace ba. Ita kanta Kotun Ƙolin, a shari'ar Lechmere ta 1992, ta yarda cewa inda ma'aikata ke zaune a keɓe ba a iya kai musu saƙo, kamar sansanonin masu saran itace da na masu haƙar ma'adinai, ana iya tilasta wa mai wuri ya bar wakilan ƙungiya su shiga. Abin takaici shi ne wannan sassauci yana ƙarƙashin dokar 1935 ne, wadda ta bar ma'aikatan gona a waje tun ranar farko.

Halin da ake ciki yau shi ne kowace jiha da nata. New Jersey tana da hukuncin Shack, wato wancan na 1971. Wata kotun tarayya a Michigan ta yanke makamancinsa a 1971, Kotun Ƙolin jihar Maine ma ta bi sahu a 1995 a kan wata babbar gonar ƙwai. Jihohi irin su Fulorida da Oregon da Wisconsin sun rubuta damar ziyara a cikin dokokinsu. A wasu jihohin kuwa babu komai a rubuce, sai abin da ɗan sandan da aka kira ya ga dama. Ko inda ake ganin maganar ta zauna ma ba a tsira ba: a 2015, a gundumar Montgomery ta jihar Maryland, ɗan sanda ya ba ma'aikatan ofishin agajin shari'a biyu takardar hana su sake taka wata gona bayan sun je ganin masu bizar H-2A, sai da ofishin ya kai ƙara kotun tarayya. A 2024 Ma'aikatar Ƙwadago ta fitar da ƙa'idar da ta ba masu H-2A damar gayyatar baƙi zuwa masaukinsu, har da lauyoyi da ma'aikatan lafiya, amma kotunan tarayya a Jojiya da Kentucky da Mississippi suka taka mata birki, a 2025 kuma sabuwar gwamnati ta dakatar da aiki da ita. Ma'aikacin da ya tsinki lemo a wata jiha a watan Maris, ya koma tsinkar tufa a wata a watan Satumba, yana iya samun baƙo a ɗaya ya rasa a ɗayar, alhali shi ɗin ne, aikin kuma iri ɗaya ne.

Ƙa'idar Ma'aikatar Ƙwadago ita kaɗai ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi ba, tunda kowace sabuwar gwamnati na iya share ta. Majalisar dokokin tarayya ce ya kamata ta rubuta shi a cikin dokar bizar kanta da kuma dokar 1983, a matsayin sharaɗin da duk mai son ya zaunar da ma'aikata a filinsa zai sa hannu a kai kafin a ba shi lasisi, wanda ko hukuncin Cedar Point bai hana gwamnati gindaya sharuɗɗan da suka dace a kan lasisin da take bayarwa ba. Dokar ta fayyace cewa lauyoyin agaji da ma'aikatan lafiya da malaman addini da jami'an ofishin jakadancin ƙasar ma'aikaci suna iya zuwa masauki ba sai an gayyace su da suna ba, domin sharaɗin gayyata yana tilasta wa ma'aikaci ya tona kansa a gaban uban gidansa, kuma ba ya gayyatar wanda bai san da shi ba. Ta hana mai gona ko wakilinsa tsayawa kusa ko rubuta sunan wanda ya buɗe ƙofa, ta sa hukunci mai zafi a kan korar ma'aikaci saboda ya karɓi baƙo, har da hana mai gonar ɗebo ma'aikata a shekara mai zuwa. Sannan a koya wa 'yan sandan karkara wannan doka, domin su ne ake kira da magariba, kuma abin da suka faɗa a bakin gona shi ke aiki a wannan daren, ko da kotu za ta warware shi bayan shekara biyu, lokacin da ma'aikacin ya daɗe da komawa ƙasarsu.